Jaka Ɗaya ko Gana-mas-go: Musayar Baitoci daga Sakkwato

Kawu na Runjin Sambo

Salamu alaikum jama'a. Ga baitoci kan kayan da muke jibga ma kanmu in za mu tahiya. Mai amsa shi kawo ta cikin waƙa.

Da sunan Allah nika fara zance,
Salati ga Manzo, uban gaskiya.

Mutum za shi Gusau ɗaurin aure,
Kwana guda ne tsawon tahiya.

Amma ka gan shi tasha da hantsi,
Gana-mas-go biyu cike har wuya.

Kaftani shida da hula biyar,
Takalmi uku ya cusa daga baya.

Ɗan kamasho ya dube shi ya ce,
"Alhaji, kaya daban za ka biya."

An ɗaure but da igiyar roba,
Ƙura ta rufe su tun bisa hanya.

Guda ɗaya yas sa, saura na ninke,
Sai kuɗin wanki da ciwon baya.

Ni jakata ɗinkin dukawan garinmu,
'Yar ƙarama, fatar jar akuya.

Riga a jiki, guda a cikinta,
Asuwaki, turare, cajar waya.

Da guntun sabulu, in wanke da dare,
Iska ta busar kahin sahiya.

In mota ta tsaya mana a daji,
In rataya, in hau wata ba wuya.

Hajiya ta Mabera

Kawu ina wuni, ina gajiya. Baitocin sun yi daɗi, amma waƙar maza ce.

Kawu ka faɗi taka mun saurara,
Amma ba ka taɓa goyon ɗa ba.

Mai jego in za ta Wurno biki,
Jaka guda ba za ta ishe ta ba.

Zanen goyo, majanyi, da mai,
Da fulas na kunun da za ta zuba.

Yaro ya ɓata riga tun Achida,
Wace kasuwa za ta tsaya ta duba?

Anko daban, na walima daban,
Kuma ba ita ta tsara hakan ba.

An ce zumunta a ƙafa take,
To wa ka shiga dangi babu tsaraba?

In za ni Kano gidan ɗiyata,
Buhun albasa ba ni barin shi ba.

Kilishi, man shanu da daddawa,
Surukai da maƙwabta kowa shi taɓa.

Nauyin da kag gani bisa kaina
Haƙƙin mutane ne da za ni raba.

Malam na Kanwuri

Kawu da Hajiya, Allah shi yi albarka,
Ku ba ni wuri in sa nau nazari.

A 1804 Shehu yab bar Degel
Zuwa Gudu da jama'a cikin haƙuri.

Sunka bar gida da gona da rumbu,
Abin da anka iya ɗauka shi ne guzuri.

Kakanninmu masu hajji da ƙafa,
Ta Barno da Chadi sunka bi ayari,

Har Sudan, har bakin Bahar Maliya,
Shekaru a hanya, gari bayan gari.

Buta da buzu da sanda da gora,
Suna ƙwadago suna ƙara shiri.

Ko yau in maza sun isa miƙati,
Mayafi biyu ne, kowa da fari.

Sai dai Kawu, ga inda zan ja ka:
Sauƙi kada shi wuce gona da iri.

Zamanin Manzo wasu 'yan Yaman kan zo hajji,
Wai tawakkali, ba ko mudun gari.

Su isa Makka su koma roƙo,
Sai aya tas sauka kan guzuri.

Ta 197 ce cikin Baƙara:
A yi tanadi, taƙawa ta fi alheri.

Wanda yab bar bargo a lokacin ɗari,
Ya aza nauyinai ga mutanen gari.

Direban layin Kano

Ina kan lodi, nawa gajere ne. Ranku ya daɗe.

Ni mai tuƙi ne, Sakkwato zuwa Kano,
Ku ji abin da kaya ke yi wa mota.

A Afrilu zafi kan haura digiri 40,
Kwalta a Mafara ta zama wuta.

In an danne baya da buhu goma,
Gaba ya ɗaga, sitiyari ya ƙi saita.

Taya ta ɗau zafi ta fashe a guje,
Birki ya kasa riƙe nauyinta.

Hajiya, albasar ki ba da ita saƙo,
Lambar ɗiyarki a buhu a rubuta.

Ta aika yaro tasha ya karɓa,
Ke ki tafi da 'yar jaka ki huta.

Ɗalibar Jami'ar Danfodiyo

Iyayena ku yi mini izini,
In faɗi dabarar da nake kwatantawa.

Daren tafiya na baje su a katifa,
In duba kowanne kafin zubawa.

Duk wanda na ce "ko da an buƙata",
Shi ne na farko wurin cirewa.

Kayan "ko da" su ke cika jaka,
Su je su dawo ba a ko sawa.

Mayafi baƙi ya hau atamfa uku,
Takalmi guda, na aji da kasuwa.

Naɗi ya fi ninki ɗaukar wuri kaɗan,
Kuma ba ya barin yawan yamutsewa.

Littattafan da kan karya kafaɗa
Suna cikin waya, ina karantawa.

Abu uku kawai ba na rage su:
Katin shaida, magani, gorar ruwa.

Kawu na Runjin Sambo

Malam, na karɓi gyara: bargo shi shiga jaka in da ɗari. Ɗiyata, Allah shi ba da sa'ar karatu. Hajiya, mai goyo na da uzuri, amma ga saura.

A Jidda na ga alhazanmu gun awo,
Kilo ya haura, an hana kaya.

Darduma da fulas da buta ta ado,
An zube su ƙasa, ana ta jayayya.

Wasu sun bar salla a Harami
Suna kasuwa don su hita kunya.

Dabino kaɗan da zamzam da addu'a
Sun isa tsarabar wagga tahiya.

Hajiya ta Mabera

Kan alhazai, Kawu, muna tare,
Wannan ban musa maka ba.

Direba, albasa na ba ku saƙo,
Zan iso tasha ranar Laraba.

Man shanu dai yana bisa cinyata,
A but zai narke, ba zan yarda ba.