Sabon Babur ko Na Hannu: Kowa Ya Faɗi Abin da Ya Gani

Malamin Firamare, Funtua

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina koyarwa a makarantar firamare ta wani ƙauye da ke wajen Funtua, kuma tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023 kuɗin mota zuwa da dawowa yake cin kaso mai tsoka na albashina, ga jiran mota a bakin titi da kan sa in isa bayan yara sun shiga aji. A ƙarshen watan nan zan kwashi adashe. Idan na haɗa da ɗan abin da na ajiye, kuɗin zai sayi babur na hannu mai kyau har a sami ragowa, amma ba zai kai na sabo ba, tunda sabon Boxer ya haura naira miliyan ɗaya, sai dai in jira wani zagayen adashen ko in ci bashi. Rabin hanyar kwalta ce, rabi kuma burji ne mai taɓo da damina. Ina roƙon wanda ya taɓa saye, sabo ko na hannu, ya faɗa mini abin da ya same shi da kansa.

Bakaniken Babura, Kaduna

Wa alaikumus salam, Malam. Gyaran babura ne sana'ata a yankin Panteka, kuma yawancin masu zuwa wurina da ɓacin rai mutanen da suka sayi na hannu ne ba su tafi da bakanike ba, sai bayan an biya kuɗi an rabu sannan su kawo a duba musu. Abin da ya kamata ka fara sani shi ne, mafi yawan baburan da ake jerawa a wurin dillalai sun yi aikin acaɓa, an yi musu lodin buhuna da mutum uku uku, kuma kafin a fito da su kasuwa sai an wanke, an fesa fenti, an sauya rigar kujera, an manna sababbin sitika. Duk wannan kwalliyar ba ta kai kuɗin fistan da ringi ba, saboda haka kada ƙyalli ya ɗauke maka hankali.

Idan za ka duba babur, ka je da sassafe kuma ka fara dafa injin da hannunka. In ka ji shi da ɗumi, to an riga an tayar da shi kafin ka zo, kuma injin da ya yi zafi yakan ɓoye wahalar tashi da ƙarar da yake yi da sanyi. A buga kik a gabanka, kai kuma ka koma baya ka kalli bakin salansa. Hayaƙi mai shuɗi-shuɗi alama ce ta cewa injin yana ƙona baƙin mai, wato ringi ya gaji ko bulok ya cinye, kuma wannan aiki ne na sauke inji. Baƙin hayaƙi sau da yawa matsalar kafireto ce, gyaransa bai kai wancan tsada ba. Sannan ka zaro ma'aunin baƙin mai ka murza a yatsa, domin wasu suna zuba mai kauri fiye da ƙima don ya danne ƙarar inji na 'yan kwanaki. Ka dubi kawunan notunan inji, in sun sha sifana sun lalace ka san an buɗe shi ba sau ɗaya ba. Ka dubi haƙoran siraket, wato faifan da sarƙa take hawa, in sun yi tsini kamar ƙaya to da shi da sarƙar duk na canji ne. Kada ka yarda da lambar kilomita da ke kan mita, cire wayarta ba ya ɗaukar minti biyar, robar taka ƙafa da ta hannu sun fi ta faɗin gaskiya.

Abin da ya fi inji muhimmanci a wurina shi ne ƙashin babur ɗin. Inji ana gyara shi ya dawo daidai, amma firam ɗin da ya taɓa lanƙwashewa a hatsari aka miƙe shi da wuta ba ya komawa yadda yake, kullum zai riƙa ja gefe guda yana cinye taya. Wani bawan Allah ya kawo mini nasa yana kukan kan babur ɗin yana rawa in ya ɗan yi gudu, da muka cire tanki sai ga walda a wuyan firam an shafe ta da baƙin fenti. Babu abin da na iya yi masa. Ni kaina na hannu nake hawa, amma na saye shi ne daga wani ma'aikacin gwamnati wanda tun ranar da ya fito da shi daga kwali ni nake yi masa juyen mai.

Ɗan Kabu-kabu, Sakkwato

Malam, bakanike ya faɗi gaskiya game da mu, kuma ba zan ɓoye ba, domin mu ne muke kai waɗannan babura kasuwa kuma mun san dalilin da ya sa muke kai su. Babu ɗan kabu-kabun da zai rabu da babur yana cikin kawo masa kuɗi lafiya. Muna sayarwa ne idan ya fara shan baƙin mai, ko ya fara kwana wurin gyara, sai mu haɗa kuɗinsa da ciko mu ɗauko sabo.

Ni sabo na karɓa a hannun wani maigida bisa yarjejeniyar in riƙa kai masa balas har in biya, babur ya zama nawa. Abin da na biya gaba ɗaya ya ɗara farashin kasuwa nesa ba kusa ba, kuma akwai ranakun da ruwan sama ko rashin lafiya suka hana ni fita amma balas yana nan yana jira. Duk da haka ban yi da-na-sani ba, saboda a shekarar farko ban san komai ba sai juyen mai, da ɗaure sarƙa, da canjin filogi da takalmin birki. A sana'armu yinin da babur ya yi a wurin bakanike asara biyu ce, ka biya gyara kuma ba ka samo na cefane ba. Amma kai albashi kake ɗauka, tafiyarka zuwa da dawowa ce sau ɗaya a rana, saboda haka ban ga abin da zai sa ka ɗora wa kanka irin bashin da na ɗauka ba.

Ɗan Kasuwar Hatsi, Bakori

Ranka ya daɗe Malam, duk wanda ya yi maganar inji ya yi daidai, amma ni takardu ne suka kusa kai ni inda ban taɓa zato ba. Na sayi babur a wata kasuwar ƙauye ta hannun dillali, lafiyayye ne ƙwarai, aka ba ni rasit mai hatimi, na biya la'ada, muka yi musabaha. Na daɗe ina hawansa ina kai buhunan masara, sai wata rana a shingen bincike jami'an tsaro suka ce in kawo takardu, ɗayansu ya tsuguna ya goge ƙurar jikin inji da tsumma yana karanta lambar yana dubawa a rasit. Lambobi biyu na ƙarshe ba su yi daidai ba, kuma da aka haska da fitila sai aka ga alamar an goge wurin an sake bugawa. Ashe babur ɗin na sata ne, mai shi ya daɗe da kai rahoto.

Abin da ya cece ni shi ne mutum biyu da suka halarci cinikin sun zo sun ba da shaida, kuma mai unguwarmu ya tsaya mini. Babur ya koma wurin mai shi, dillali kuwa aka neme shi sama ko ƙasa aka rasa, kuɗina suka tafi ke nan. Kai ɗan jihar Katsina ne, ka san halin da yankinmu yake ciki, babur ya zama abin da ake sa wa ido saboda da shi 'yan bindiga suke zirga-zirga. Ka tuna a 2021, cikin matakan tsaron da gwamnatin Masari ta ɗauka, har da hana sayar da baburan hannu a kasuwar Charanchi. A irin wannan yanayi, a kama mutum da babur mai gogaggiyar lamba ba ƙaramar magana ba ce, kuma malamin makaranta yana da aikin gwamnati da mutuncin da zai kare. Ka karanta lambar inji da ta firam da idonka, harafi bayan harafi, ka gwada da rasit na asali daga shagon da aka fara sayensa, kada ka karɓi hoton kwafi.

Ma'aikaciyar Jinya, Damagaram

Sallama gare ku. Ni a nan Nijar nake, kuma a garinmu mata da yawa muna hawan ƙaramin babur ɗin nan da kuke kira roba-roba zuwa wurin aiki. Nawa na hannu ne, na saye shi daga wata abokiyar aikina da aka yi wa sauyi zuwa Yamai, kuma da yake tare muke ajiye baburanmu a inuwa ɗaya a bakin asibiti, na san ranar da ta saye shi, na san bakanikenta, na san sau ɗaya ta taɓa faɗuwa da shi a cikin rairayi. Ta miƙa mini takardar duwan, wato ta kwastan, da kartagiriz, wato takardar rajistar babur, muka je tare aka mayar da sunana, na sabunta asurans, wato inshora. Har yau abin da na canja mai tsada shi ne batir da taya ta baya. Sai dai, Malam, irin nawa bai dace da hanyarka ba, cikinsa yana kusa da ƙasa, robobin jikinsa kuma suna saurin fashewa a hanyar burji, ga su da tsada. Ka nemi mai manyan tayoyi wanda ake samun kayan gyaransa ko a ƙauyen da kake koyarwa.

Tela, Kano

Na hau duka biyun, kuma ina so in ƙara abu guda a kan kowanne. Babur mafi lafiya da na taɓa mallaka na hannu ne, na saye shi a farkon 2013, lokacin da gwamnatin Kano ta hana acaɓa bayan harin da aka kai wa ayarin marigayi Sarki Ado Bayero. A lokacin samari da yawa sun sayar da baburan da ba su daɗe da fitowa daga kwali ba, don dole, wasu su koma A Daidaita Sahu, wasu su koma garuruwansu. Tun daga nan nake fara tambayar mai sayarwa abin da ya sa zai sayar kafin in tambayi kuɗi. Wanda zai yi aure, ko zai biya kuɗin asibiti, ko ya sami mota, ko za a sauya masa wurin aiki, dalilinsa a bayyane yake kuma maƙwabtansa za su tabbatar maka. Wanda ya ce kawai ya gaji da shi ne, sai a ƙara bincike.

Sabon kuma da na saya daga baya, kuɗin da aka faɗa mini a shago ba shi ne ƙarshe ba. Akwai kuɗin haɗawa, da rajista da lamba, da ƙarfen kariya na gaba, da kwaɗo mai ƙarfi, domin sabon babur shi ɓarawo ya fi so. Yaran da suka haɗa mini shi suna sauri saboda layi, ban yi nisa ba na ji wani abu yana kaɗawa, da na tsaya wurin bakanike sai ya tarar da notuna da dama ba a ɗaure su sosai ba, har da na ƙafar baya. Sannan makonnin farko sai an lallaɓa injin, babu gudu babu lodi, a kuma yi juyen mai da wuri. Wanda ya ƙarar da kuɗinsa kaf a kan farashin shago zai dawo gida da babur ɗin da ba shi da lamba kuma babu na mai.

Malamin Firamare, Funtua

Na gode ƙwarai, Allah Ya saka wa kowa da alheri. Bayanin Hajiya ma'aikaciyar jinya da na ɗan'uwa tela ya sa na tuna cewa tsohon shugaban makarantarmu, wanda ya yi ritaya bana, ya taɓa ambata cewa zai sayar da nasa domin gwiwa ta hana shi hawa. Shi kaɗai yake hawansa, kuma a wannan hanyar tamu ya yi ta bi da shi. Sai dai kuɗin da ya ambata ya fi abin da dillalai suke faɗa a kan irinsa, kuma ina jin nauyin in kawo bakanike ya binciki kayan dattijon da ya girme ni kuma ya shugabance ni. Maigida bakanike, yaya kake gani?

Bakaniken Babura, Kaduna

Malam, ƙarin da ya ɗora a kan farashin dillalai kuɗin sanin tarihin babur ɗin ne, kuma in da ni ne zan biya shi, domin bai kai abin da sauke inji sau ɗaya zai ci maka ba. Maganar jin nauyi kuwa, akwai hanyar da ba za ta taɓa girmansa ba. Ka ce masa, "Baba, ina so a yi masa sabis kafin in fara hawa, a wurin wa kake kai shi?" Ku tafi tare wurin bakanikensa, kai ka biya kuɗin baƙin mai da filogi, kana tsaye a juye tsohon man a gabanka ka ga ko akwai ɓurɓushin ƙarfe a ciki. Tunda babur ne da ya sha burji da taɓo, ka sa a duba shokazoba, da boris na ƙafafu da na wuya, da wayoyin ƙafa, a buɗe akwatin matatar iska a ga ko ƙura ta daɗe tana shiga inji. In babur ɗin ya jima a jingine tun da ya daina hawa, ka sa ran sayen batir da wanke kafireto, ka leƙa cikin tanki da fitila saboda tsatsa, ka kuma duba gefen tayoyi ko sun tsattsage.

Idan komai ya yi, ku rubuta takardar ciniki ko da kuna ganin kun zama ɗaya, a sa sunansa da naka, da lambar inji da ta firam da lambar rajista, da kuɗin da aka biya da kwanan wata, shaidu biyu su sa hannu, ɗaya daga iyalinsa. Ka karɓi rasit na asali da takardun rajista a ranar, ka je a mayar da su sunanka, sannan ka ware wani abu daga ragowar kuɗin adashen don sababbin tayoyi da hular kwano kafin damina ta sauka.