Tsofaffin finafinan mugayen yara: wanne zan fara da shi?

Maman Haidar: Assalamu alaikum. Don Allah a ba ni sunan tsohon fim mai tayar da hankali wanda yaro ne mugun ciki. Ban da na aljanu da jini faca-faca.

Malam Sani: Wa alaikumus salam. Hajiya, fara da The Bad Seed na 1956. Rhoda 'yar shekara 8 ce, gashinta a tufke gida biyu, ga ladabi ga fara'a. Ɗan ajinsu ya ci lambar yabon iya rubutu da take ganin tata ce, sai aka tsinci gawarsa a ruwa ranar da 'yan makaranta suka fita shaƙatawa. Ki lura da takalmanta masu ƙarfe a dunduniya. Amma ni uwar ce ta fi ba ni tausayi, tana haɗa zaren labarin a hankali, tana fatan ƙarya zuciyarta ke raya mata.

Hauwa: Malam, littafin William March na 1954, wanda daga cikinsa aka samo labarin, ya fi ɗaci. Dokar tace finafinan Hollywood ta lokacin ba ta yarda mai laifi ya sha ba, shi ya sa aka canza ƙarshen fim ɗin.

Maman Haidar: Hauwa, ki yi shiru haka, kar ki ɓata min.

Ɗan Zariya: The Omen na 1976 fa, Anti?

Hauwa: Ai ta ce ban da irin wannan. Damien ɗan shaiɗan ne tun haihuwa, babu abin da za ka tsaya tunani a kai.

Malam Sani: To The Innocents na 1961 ya fi dacewa, duk da akwai zancen fatalwa. Deborah Kerr ce mai rainon yara biyu, Miles da Flora, a wani ƙaton gidan ƙauye a Ingila. Har fim ya ƙare ba za ki iya rantsewa ba, yaran ne aka lalata ko mai rainon ce hankalinta ya gushe. Baƙi da fari ne, a kashe fitila a kalla.

Ɗan Zariya: Shi ke nan, ga The Good Son na 1993. Macaulay Culkin, yaron Home Alone, shi ne mugun. Akwai inda ya jefa mutum-mutumi daga kan gada cikin motoci, ya tsaya yana kallon hatsarin yana jin daɗi.

Maman Haidar: Na gode. Rhoda zan fara da ita, sai Haidar ya yi barci tukuna.