An ce sai an yi wa matata tiyata, kuɗin ya fi ƙarfina, ina mafita?

Baban Ilham, Anguwar Rogo:
Salam jama'a. Matata ce ke fama da ƙari a mahaifa, fibroid ɗin nan, jini yana ta zuba har ta yi fari fat, likita ya ce magani ba zai yi ba sai aiki. A wani asibitin kuɗi nan cikin Jos sun ce 650,000 kuma sai na ajiye rabi kafin su sa rana. Ni tumatir nake sayarwa a Farin Gada, ko jarina duka na haɗa bai kai ba, abin da ya rage min keke napep ɗin da ƙanena ke ja. In sayar ne ko akwai wata hanya? Don Allah wanda ya sani ya taimaka.

Maman Sadiq, Rikkos:
Allah ya ba ta lafiya Baban Ilham. Kar ka yi saurin sayar da keken nan, shi zai ciyar da ku lokacin jinya. Lokacin da aka yi wa yayata irin aikin, kuɗin tiyata ɗin ma bai cinye mu ba kamar ƙananan abubuwa, gwaje-gwaje, hoto, ledar jini, allurai, kuɗin gado, ga abincin mai jinya, ga shago a rufe, kullum sai an miƙo maka takarda a ce je ka sayo. Ka ce su rubuta maka komai dalla-dalla, me ke cikin kuɗin me ba ya ciki. Sannan ka tara 'yan uwa masu lafiya su ba da jini tun yanzu, wannan kaɗai ya rage mana da yawa.

Abu Fatima:
Ba gwamnati ta ce tiyata kyauta ba ce ga mata yanzu?

Nas Hauwa, Bukuru:
Abu Fatima, abin da ministan lafiya Ali Pate ya sanar a Nuwamba 2024 tiyatar haihuwa ce, CS, ga mata marasa ƙarfi. Ba ta shafi fibroid ba.
Baban Ilham, ka ɗauki sakamakon hoton ka kai ta JUTH, asibitin koyarwa na Jami'ar Jos, a Lamingo ko asibitin Plateau Specialist wani likitan mata ya sake dubawa, akwai layi amma yawanci na gwamnati ya fi sauƙi. Ka nemi ofishin soshal walfeya, masu taimaka wa marasa ƙarfi a asibiti, ka yi musu bayani ba kunya. Kuma ka je PLASCHEMA, hukumar inshorar lafiya ta jihar Filato, ka tambaya ko tsarinsu ya ɗauki irin wannan aikin da kuma yaushe kati ke fara aiki, don ba ranar da ka yi rajista ba ne. Abin yana min ciwo wallahi, tun 2022 aka sa hannu a dokar NHIA da ta wajabta inshorar lafiya amma 'yan kasuwa da masu sana'ar hannu har yau daga aljihu suke biya, sai mace ta kusa mutuwa ake kawo mana ita. In jiri ya fara ɗibarta ko numfashi ya yi mata wuya kar ka jira kuɗi su cika, ka kai ta emajensi.

Alhaji Na Gangare:
Ka kai takardar asibiti ga limamin unguwarku da shugaban ƙungiyarku ta kasuwa. Neman taimako don jinya ba bara ba ne, zakka ma ta halatta gare ka. Amma ka guji bashin manhajojin waya, ruwansu yana da yawa kuma su bi mutanenka da kira.

Baban Ilham:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Ƙannena biyu sun yarda za su ba da jini. Nas Hauwa, Litinin zan kai ta Lamingo in sha Allah, sai na zo da takardar tura mara lafiya ko kati kawai zan yanka?