Me za mu kira WLL da Hausa?

Jama'a, ku taya ni neman kalma. A jikin bel ɗin ɗaure kaya da ƙugiyar sarƙa ana buga haruffa uku, WLL (Working Load Limit a Turance, wato nauyin da aka yarda a ɗora wa abin ɗaurin wajen aiki), sai lamba ta biyo baya. Tirelar da ba ta da bango a gefe, ba abin da ke riƙe mata lodi sai ɗauri, amma lambar nan da ran mutane ya rataya a kanta har yau ban ji sunanta da Hausa ba.

Da farko na ce "ƙarfin igiya". Na janye, don akwai haɗari a ciki. Sau da yawa lamba biyu ce a jikin bel: nauyin da zai tsinke shi, da nauyin da kamfani ya yarda a ɗora masa kullum. Bel mai faɗin inci 4 yakan tsinke a wajen kilo 7,350, amma WLL ɗinsa kilo 2,450 ne, kashi ɗaya cikin uku ke nan. Sarƙa mai daraja 70 (Grade 70, wato ajin ƙarfin ƙarfenta) kuwa ɗaya cikin huɗu ce. In ka ce "ƙarfi", ido babbar lambar zai kama. Ratar da ke tsakanin lambobin biyu kuwa ba a banza aka bar ta ba: birkin gaggawa, kwana, rami, da cin da rana da gogayya ke yi wa zare, duk a cikinta suke.

Wani ɗan uwa ya kawo "iyakar nauyi". Ta yi kusa, sai dai direba zai ɗauka nauyin da motar kanta ke iya ɗauka ake nufi.

Ni dai na tsaya a kan "gejin aiki". Mun saba cewa abu ya wuce geji, kowa ya san nan ne ake tsayawa. Ɗayar lambar kuma ta zama "gejin tsinkewa".

Ku gwada ta a baki. Ƙa'idar Amurka ta ce jimillar gejin aikin ɗauri kada ta gaza rabin nauyin kaya, wato injin tan 20 yana son aƙalla tan 10. Kuma in ƙugiya ta fi sarƙa rauni, gejin ƙugiyar ake lissafawa, haka ma zoben da aka maƙala ta a jikin tirela.

Iyayenmu direbobi, in kuna da sunan da kuke faɗa wa yaran mota wajen lodi, ku kawo shi, naku ne kan gaba.