Abin da aka tattara kan tunawa da ma'aikatan da aiki ya ci

A tattaunawar da aka yi gabanin 28 ga Afrilu, ranar da Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ke raya batun lafiyar ma'aikata tun 2003, an yarda cewa shirun minti ɗaya bai wadatar ba. A karanta sunayen mamatan, a gayyaci iyalansu, a biya diyya ba tare da jan ƙafa ba.

Inda aka fi daɗewa shi ne ƙananan alamomin haɗari: tsanin da ke rawa, wayar wutar da ta tsiraita, injin da aka cire wa murfi don aiki ya yi sauri. A kai rahotonsu tun kafin jini ya zuba, kuma kada a hukunta wanda ya faɗa. An kawo misalin Rana Plaza, wani ginin masana'antun ɗinkin tufafi a Bangladesh, inda aka ga tsagewa a bango, washegari aka tilasta wa mutane komawa aiki, ginin ya rufta a 2013 da rayuka sama da 1,100. Wannan ya fi komai taɓa ni.

Hular kwano da safar hannu su ne matakin ƙarshe, a fara da kawar da haɗarin kansa. Wanda ya ji rauni kuma, a mayar da shi aikin da jikinsa zai iya ɗauka, kada a sallame shi.