Ko akwai wanda ya san Baba Rasha na Tsohuwar Panteka?

Ɗan Tudun Wada:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Jiya rufin shagona ya fara yoyo, ina kwashe kaya sai na ci karo da wani ƙunshi a ƙasan akwati: ma'aunin kaurin ƙarfe da ɗan littafi mai tambarin guduma da lauje. Na wani tsoho ne ɗan Rasha da muke kira Baba Rasha, kuma tun jiyan ya ƙi fita daga raina.

Zamanin Abacha ya fara zuwa Panteka, kasuwar maƙera ta Kaduna, ina yaron shago a lokacin. Ƙarfen famfo ya zo nema. Ya tsaya yana kallon yadda nake wasa bakin wuƙar injin sassaƙa ƙarfe, ya girgiza kai, ya karɓe ta daga hannuna. Ba Hausa, Turancin ma 'yan kalmomi ne. Ya wasa ta, ya ɗora a inji, sai ga ɓawon ƙarfe yana fita a nannaɗe, dogo, bai tsinke ba. Maigidana da kansa ya miƙe ya ba shi kujera. Daga ranar kusan kullum sai ya hau bas daga Barnawa ya zo, bai taɓa karɓar ko sisi ba. Shayi kawai yake sha, baƙi, ba madara. Da sanyin hunturu muna cikin rigunan sanyi, shi da 'yar shara-shara. In na auna ƙarfe da ido na ce ya yi, sai ya ɗanƙa min ma'aunin nan ya ce "again". Yau shekara da shekaru duk abin da nake ci da iyalina daga wannan "again" ɗin ya fito.

Abin da na sani kaɗan ne. Daga wani gari Celiyabinsk yake, matarsa ta rasu, 'yarsa kuma tana auren wani ɗan nan da ya yi karatu a can, ita ta ɗauko shi. Ban taɓa tambayarsa yadda ya yi rayuwarsa ba, ƙuruciya ta hana, kuma wannan yana ci min rai. Akwai wanda ya san shi? Akwai mai karanta Rashanci da zai duba min littafin nan?

Tsohon Injiniya, Unguwar Rimi:
Wa alaikumus salam, ɗana. Ban san shi ba, amma na yi karatu a Mosko, na kuma yi aiki da mutanensu a Ajakuta. Yadda ka kwatanta littafin, shi ne trudovaya knizhka, littafin aiki. Kowane ma'aikaci a Tarayyar Sobiyet yana da shi: ranar da aka ɗauke shi, inda aka mayar da shi, matakin gwanintarsa, har yabon da aka yi masa, duk da hatimi. A yawancin sana'o'in hannu mataki na 6 shi ne ƙololuwa. Ka ga ke nan amsar da kake nema tana hannunka.

Garin nasu kuwa yana gindin duwatsun Ural. An buɗe babbar masana'antar tarakta a can a 1933. Da Jamus ta auka musu a 1941 aka kwaso injuna da ma'aikata daga Leningrad aka koma ƙera tankokin yaƙi, har ana kiran wurin Tankograd, wato birnin tankoki. Maza sun tafi fagen daga, sai mata da yara matasa a bakin injuna, wasu sai an sa musu akwati sun taka kafin hannu ya kai. In tsohon naka ya kusa saba'in lokacin da ka san shi, to sa'o'insa ne waɗannan yaran.

Sannan ka duba abin da ya same su da tsufa. A lokacin namiji na yin ritaya yana da shekara 60. Ƙasar ta wargaje a Disamba 1991, gwamnati ta daina ƙayyade farashi a Janairu 1992, kafin shekarar ta ƙare farashin kaya ya ninka fiye da sau 20. Ajiyar shekara arba'in ta koma kuɗin cefane. Na ga wasiƙun abokaina na lokacin, wallahi sai da na yi hawaye. Ka kawo littafin in karanta maka.

Maman 'Yan Biyu:
Allah sarki! Layinmu ɗaya a Barnawa. Shi ya gyara min injin markaɗe sau biyu, da na kai masa kuɗi ya ɓata rai, sai na koma aika masa ƙosai da safe. Yana da ɗan lambu a bayan gida, kabeji da kokwamba, ya yanka ya jiƙa su da gishiri a kwalabe. Da yamma ya zauna a ƙofa shi kaɗai, jikokin sun fi jin Hausa da Turanci. Ni dai na lura ranar da ya je Panteka ya dawo da baƙin mai a hannu, fuskarsa daban take. Bayan rikicin 2000 'yar ta so hana shi haye gada zuwa Panteka, bai hanu ba. Da ya rasu ba su daɗe ba suka bar Kaduna.

Bakanike Kakuri:
Oga, kada ka ji haushina. Ma'aunin naka ne, ya ba ka don sana'a. Littafin kuwa ina ganin haƙƙin jikokinsa ne. A karanta, ka ɗauki hoton kowane shafi, sannan a nemo su.

Ɗan Tudun Wada:
Gaskiya ka faɗa, ƙanena, ban ji haushi ba. Da hannunsa ya haɗa min su biyun a zuwansa na ƙarshe, ni kuma na ɗauka takardar bayanin ma'aunin ce, shi ya sa na ajiye ban nemi mai karantawa ba. Mama, don Allah ki tambaya min tsofaffin maƙwabta ko akwai mai lambar 'yar tasa. Baba Injiniya, ranka ya daɗe, ina nan tafe ranar Asabar bayan la'asar. Zan zo da babban ɗana, shi ke kan injin yanzu, ina so ya ji da kunnensa.