Mary Rose ko Victory: wanne zan fara gani a Portsmouth?

Ɗalibi a Southampton: Assalamu alaikum 'yan zaure. Ranar Asabar zan leƙa Portsmouth, kuma rabin yini kawai gare ni. Wa ya taɓa zuwa wajen tsofaffin jiragen yaƙin nan?

Malamin Tarihi: Wa alaikumus salam. Fara da Mary Rose, ƙanena. Jirgin Sarki Henry na Takwas ne, an tura shi ruwa a 1511. Ran 19 ga Yuli 1545 ya fita tarar jiragen Faransa a mashigin Solent, garin juyawa ya karkata, ruwa ya kwararo ta tagogin igwa da ke buɗe. Sarkin yana bakin teku a Southsea, a kan idonsa jirgin ya nutse.

Maman Biyu: Malam ka bar abin da ya fi tayar min da hankali. Ragar da aka shimfiɗa a saman jirgin don hana abokan gaba dirowa, ita ta tsare mutanen ciki. Kusan 500 ne, waɗanda suka tsira ba su kai 40 ba. Allah Sarki.

Injiniya: Ni fa Victory na fi so, shiga cikinsa ake yi. Mary Rose kuwa kusan rabin jirgi ne, gefen da laka ta binne shi kaɗai ya saura.

Maman Biyu: Haba Injiniya, ai albarkacin lakar nan ake ganin komai! Shawarata, kada ka ɓata lokaci kan katakon, nufi ƙananan kaya. Akwai akwatin wanzamin jirgin da kwalaben magani, ga bakunan maharba fiye da ɗari, ga matajan kwarkwata na katako, haƙoransu rif kamar na kasuwa. Yarana kuwa a gaban ƙasusuwan karen jirgin suka kafe, da ƙyar na janye su.

Malamin Tarihi: Shekara 437 ya yi a ƙarƙashin ruwa, sai 11 ga Oktoba 1982 aka ɗago shi. Ka hau bene na sama na gidan tarihin da aka ajiye shi, can ne babu gilashi tsakaninka da jirgin.

Injiniya: To na sallama. Amma ka nemi tikitin da ya haɗa su biyun ta intanet, ai kusa da juna suke. Ka sauka tashar Portsmouth Harbour, da ƙafa za ka ƙarasa.

Ɗalibi a Southampton: Na gode ƙwarai. Hajiya, zan turo miki hoton karen.